Motar Gide da Ƙafar Dada

Yaya Salihu, Allah Ya kai haske kabarinka. Ka tafi ka bar ni da labari a baki, ba kunnen da zan juye shi. Kai ne ka ce duk ranar da Gide ya yi wata sabuwa, ko a gona kake a aiko a kira ka. To ya yi, bana da kaka, dawar da ka shuka tana tsaye ta sunkuyar da kai ba wanda ya iya shiga yanka ta. Gyara kwanciya ka sha labari.

Motar dai ka san ta. Gide, ɗan wan babanmu, da aka raba gado ya sayar da rabin gonarsa ta Mabai, ya ɓace kwana biyu, ya dawo Kankara da jar mota mai ƙofa biyu, 'yar Kwatano, wadda kujerar bayanta ko akuya sai ta naɗe ƙafa. Shi ya sa mata suna Walƙiya. Gari kuma ya sa mata Barkono, na gari ne ya bi ta. Da ita yake zuwa shagonsa na cajin waya, wanda in ka yi jifa daga ƙofar gida sai ka fasa kwanon rufinsa. Da ita yake zuwa masallaci, da ita yake zuwa sayen ƙosai. In ya taka totur a tsaye, kajin unguwa sai su bar ƙwai su gudu.

Wata ranar kasuwa ya zo shan kwanar bayan tasha da gudu, don ya hango 'yan mata a bakin famfo. Gaban motar ya sha kwana, bayanta ya ce shi bai yarda ba, ya wuce ya kwashe teburin mai rake. Ba wanda ya ji ciwo, amma yara sun sha rake har la'asar.

Da yamma Baba Yahuza, ƙanen mahaifinsa, ya kira shi ɗakin kakarmu Dada.

"Abin ga ya isa haka nan," in ji Baba Yahuza. "A sayar da ita, a sayi shanun huɗa biyu, rabin gonar da ta rage ta samu mai noma ta."

"Baba, ba laifin tuƙi ba ne," in ji Gide. "Motar ce ke rawar jiki a kwana. Gyara ne kaɗan. In na gama da ita, ko a kan faifai sai ta juya."

Dada tana gefe tana kankare goro a 'yar gwangwaninta. Ba ta ko ɗago ba ta ce, "Kai mijin banza, wanda ya sayar da tuwo ya sayo ƙara. Ƙanwarka Suwaibatu ta haihu a Yankara, suna mako mai zuwa. In wanga abu naka mota ce, ta ɗauke ni daga ƙofar gidan nan ta dire ni ƙofar gidan surukinmu Alhaji Mani, ƙafata ba ta taɓa ƙasa ba. In ta yi, ka riƙe abarka. In ƙafata ta taɓa ƙasa a hanya, Yahuza ya nemo shanu."

Gide ya yi dariya har da buga cinya. "Amarya, ai kin ba ni a ɓagas. Kafin ki gama tauna goron ga kin ji guɗa a Yankara."

"Na ji," in ji Baba Yahuza. "Ni ne shaida. Zan biyo ku a babur."

Washegari Gide ya zauna teburin mai shayi da waya a hannu, majalisa ta kewaye shi. Kwana ya yi yana kallon Turawa suna tsere da motoci, ya tashi malami.

"Ilimi ne mai zaman kansa," ya ce. "Akwai masu fara canza taya. Akwai masu fara sa shokazoba mai tauri. Akwai ƙarfen da ake gittawa ya riƙe mata ƙugu. Akwai kuma a zaunar da ita, ta rungumi ƙasa."

Abdulkarim mai albasa, wanda duk duniya keke kawai ya taɓa tuƙawa, ya leƙa wayar ya ce, "To shi Baturen mi ya ce a fara da shi?"

"Shi ya ce taya."

"Yo ai gaskiya ya faɗa. Taka ta yi sulɓi kamar bayan ƙwarya. Jiya na ga ƙuda ya sauka a kanta ya zame."

"Baturen bai san Kankara ba," in ji Gide. "Wa ya taɓa miƙewa tsaye don mutum ya sa sabuwar taya? Taya ko amalanke na da ita. Zaunar da ita zan yi. Abin da ke kusa da ƙasa ba ya faɗuwa. Ka taɓa ganin kunkuru ya kife a kwana?"

"A'a," in ji mai shayi yana sheƙa ruwan zafi. "Ban kuma taɓa ganin ya je suna Yankara ya samu waina ba."

Gajerun sifirin ƙafar mota da Turawa ke sawa don zaunar da ita sai an aika Kano, kuma suna ya matso. Sai Gide ya nufi wurin Bilya mai walda, wanda ke ƙera ƙofofi da tagogi da kaskon tuya, bai taɓa shiga ƙarƙashin mota ba sai don neman inuwa.

"Ka iya yanke sifirin?"

"Ƙarfe ai ƙarfe ne, Oga Gide. Nawa za a rage?"

"Ɗan yatsa biyu."

Bilya ya auna da nasa yatsun a dama, yaron shagonsa ya auna da nasa a hagu. Da aka sauke motar daga jak sai ga ta ta karkace kamar hular ɗan daudu. Aka ce a rage dama ta daidaita. Aka rage, sai ta karkata can. Aka koma hagu. Gaba ya yi ƙasa, baya ya ɗaga kamar mai ruku'u, aka bi baya da wuta. Kafin azahar gutsattsarin sifirin sun cika kwano, Barkono kuwa ta kwanta a ƙasa lamo kamar kazar da ke kan ƙwai.

Bilya ya sosa ƙeya. "Oga, kamar ta ɗan yi yawa."

"Haka ake so," in ji Gide. "Ka ga yanzu iska ba ta da wurin shiga."

Bai tsaya nan ba. Ya jawo wani tsohon ƙarfe da ya samu a bayan rumbu, ya sa Bilya ya like shi a saman inji daga wannan kafaɗa zuwa waccan, wai ƙarfen riƙe ƙugu. Murfin inji ya ƙi rufuwa, aka ɗaure shi da igiyar guga. Ya je wurin mai faci ya sa aka ɗura wa tayoyi iska har suka yi tauri kamar dutsen niƙa, ya sayi baƙin man takalmi ya goge su suna ƙyalli. Daga nesa sai ka rantse sababbi ne. Fita daga shagon Bilya ma sai da samari shida suka ɗaga ta suka tsallakar da ita kwata, Gide na ciki yana ɗaga wa mutane hannu.

Ranar suna aka yi sammako, don ka san hanyar nan yanzu ba mai son rana ta karkata yana kanta. Mata suka fito rakiya da kwallar dubulan da ƙunshin kayan jariri. Dada ta fito da sandarta ta tsaya tana kallon motar.

"Wa ya zauna mata a kai?"

"Gyara ne, Amarya."

"Wancan da ya leƙo daga hancinta, ba ƙafar gadon aurena ba ce?"

"Aro na yi."

"Kakanka ma bai wahalar da gadon nan haka ba," in ji Dada. Mata suka rufe baki da mayafi.

Shigar da ita sai da aka yi kamar ana zura guga a rijiya, biyu na riƙe da hannu, ɗaya na lanƙwasa gwiwa. Da ta zauna, haɓarta ce daidai taga. Ta ce, "Yau na ga duniya yadda agwagwa ke ganinta. Mu tahi."

Gide ya taka totur, kaji suka watse, yara suka bi su da ihu. Tafiyar ba ta yi nisa ba suka iso tudun jar ƙasa da 'yan unguwa suka gina a titi don masu gudu irinsa. Tayoyin gaba suka hau, suka sauka, sai ƙarrr! Barkono ta zauna a kan cikinta, tana lilo gaba da baya kamar sikelin mai auduga.

Gide ya dubi Dada. "Amarya, da za ki ɗan..."

"In ɗan mi?"

Baba Yahuza ya tsayar da babur daidai taga, ya kashe, ya harɗe hannu yana murmushi.

"Ki ɗan riƙe sitiyarin nan, haka zan ce."

Shi ya fita, da babbar rigarsa ta shadda mai sitaci. Ya sauke kwallar dubulan, ya roƙi katako biyu a wurin wani kafinta, ya cusa ƙarƙashin taya, ya koma baya ya sa kafaɗa. Dada ta miƙa hannu ta riƙe sitiyari tana tauna goro, tana ce wa masu kallo, "Ku gafara, sabuwar direba." Motar ta sauko da ƙara kamar ana jan kwano a siminti. Gide ya mayar da dubulan, ya sa katakan a baya, ya ce wa jama'a wannan ai gwaji ne.

Ashe tsakanin Kankara da Sheme kowane ƙauye da nasa tudun, wani biyu, wani uku, kowa ya gina daidai zafin zuciyarsa. A kowanne sai an sauke dubulan, a shimfiɗa katako, shadda ta sha turi. Inda ba tudu kuma akwai rami, ga taya kamar dutse ga sifirin babu, kowane rami sai ya shiga ta ƙashin bayan Dada ya fita ta ɗankwalinta. Goro ya yi tsalle daga bakinta ya bugi gilashi.

"Kana jin yadda take riƙe hanya?" in ji Gide, haƙoransa na karo.

"Ina ji. Duk wani dutse da ke hanyar ga mun gaisa da shi da hannu."

Wani tsoho da jakinsa ɗauke da kara ya wuce su ya ce sannunku. Suka wuce shi, suka tarar da tudu, ya sake wuce su ya ce sannunku da ƙoƙari. A karo na uku jakin ne ya juyo ya dube su.

A shingen 'yan sa-kai aka gitta gungume da buhunan yashi, an bar 'yar hanya mai tudu a tsakiya. Babbansu ya rataya bindigarsa, ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin motar, ya miƙe yana kaɗe gwiwa.

"Malam, mota ce ko tabarma?"

"Ta tsere ce."

"To Allah Ya sa kada a biyo ka. Hajiya, sai ki sauko mu ɗaga."

"Ba ni saukowa, ɗan nan. Mijina ya yi rantsuwa."

Haka suka ɗauke ta da motar gaba ɗaya suka tsallakar, tana sa musu albarka ta taga, Baba Yahuza na biye yana duban ƙasa kamar mai neman allura.

Babban tudun yana Sheme, na kankare ne, direbobin tirela ma suna girmama shi. Gide ya duba rana, ya duba rigarsa da ta koma kalar hanya, zuciya ta ɗebe shi. Ya ce katako ya ishe shi haka. Ya ja baya, ya karkace motar, ya taho da ƙarfi. Aka ji wani ƙara kamar an yage rufin kwano, wani abu ya yi ƙwalam a baya, amma suka wuce.

"Kin gani? Dabara ce!"

Dada ta yi salati, ta gyara zama, ta tattara gwiwoyinta sama. Can ta ce, "Gide, iska nike ji daga ƙasa."

"Haka ake yin su, don sanyaya ƙafa."

Ta rungume gwiwoyinta ta zuba wa hanya ido. Gide ya ɗauka mamaki ne ya kama ta, ya ji kansa ya ƙara girma. Ya ciro waya ya kira maroƙin da ya yi wa alkawari tun jiya, ya ce ya gyara murya, gwani ya kusa.

To shi Alhaji Mani, surukin nan, ka san bai taɓa barin banza ta wuce shi ba. Gidansa na bayan kasuwar Yankara, a kan wata 'yar kwalta mai santsi, daidai inda hanya ta yi kwana. Al'adar mutanen wurin ce da kaka su baza waken suya da karansa a kan kwalta, motoci su bi ta kai su sussuke musu. Shi kuwa ya lissafa cewa ranar suna motocin 'yan'uwa za su zo daga Sabuwa da Damari da Faskari. Sai ya sa aka kwaso waken gonarsa kaf aka shimfiɗa tun daga bakin kwana har ƙofar gida, kauri ya kai gwiwar yaro. Duk baƙon da ya zo barka sai ya yi masa sussuka kyauta. Tun safe manyan motoci ke bi a hankali, kwanso na fashewa, ƙwayar wake na taruwa a ƙasa, Alhaji na kan tabarma yana amsa gaisuwa yana murna biyu.

Gide ya shigo layin, ya ga kwalta sumul ba tudu ko ɗaya, karo na farko tun Kankara. Ya hango rumfa, ya hango manyan riguna, ya jiyo maroƙi. Ƙofar gidan ga ta nan, da ya lallaɓa da ya isa. Amma wahalar Bilya da katako da turi, duk don kwana aka sha ta, ga kuma kwana, ga jama'a.

"Amarya, riƙe ɗankwalinki."

"Gide, ka ji tsoron Allah."

Ya taka.

"Ga Gide na Mabai!" in ji maroƙi. "Walƙiya gagara kwana! Mai zaunar da ƙarfe..."

Sauran motoci ta kan waken suke bi. Barkono ba ta da sama da za ta bi, sai ta shiga cikinsa kamar garma. Hancinta ya tattaro kara, tulin ya hau murfin inji, ya hau gilashi, duniya ta yi wa Gide duhu. Ya murɗa sitiyari, ya danne birki, amma tayoyin da aka shafa wa man takalmi sun hau ƙwayar wake, ita kuwa ƙwayar wake ba ta san birki ba. Motar ta juya sau ɗaya, ta juya sau biyu, tana watsa wake kamar ana sheƙa. Wake ya shiga kofunan kunu, ya shiga aljihun liman, ya ƙwanƙwashi tabaran Alhaji Mani. Dattawa suka watse da takalma a hannu.

"...mai juyi kamar dutsen niƙa!" in ji maroƙi daga bayan bishiya, don an riga an yi masa alkawari.

Tulin ya zo ya tsaya cak, taku kaɗan daga tabarmar Alhaji. Ba a ganin mota, sai dami mai tsawon ɗaki, da jar wutsiya a baya. Sai ga hayaƙi, busasshen kara ya samu salansa mai zafi. Ƙamshin gasasshen wake ya tashi, awakin unguwa suka taho a guje. Mata suka fito daga cikin gida da bokitai, wadda ba ta samu ruwa ba ta zo da ruwan wankin shinkafa. Aka kashe, aka yi ta yaye kara da hannu har taga ta bayyana.

Gide ya fito ta taga, jiƙe sharkaf, kwanson wake a gashinsa. Ya dubi ƙofar gidan, ya dubi motar, sai ya ɗaga hannu biyu sama.

"Jama'a ku shaida! Wannan ƙofar gidan Alhaji ce ko ba ita ba ce? Baba Yahuza, ka gani da idonka! Daga Kankara har Yankara, ƙafarta ba ta taɓa ƙasa ba!"

Baba Yahuza ya kafe babur, fuskarsa ta faɗi. Aka ɓamɓare ƙofar Dada. Tana zaune daram, ɗankwalinta a hannu, wake cike da cinyarta.

"Yahuza, zo ka leƙa."

Ya leƙa, jama'a suka leƙa. Inda ya kamata a ga ƙasan mota, rami ne da tukunya za ta wuce. Ƙafafun Dada biyu na kan kwalta, dashe cikin wake, takalmi ɗaya ya cinye har ana ganin diddige.

"Tun Sheme gindin motar ya zauna can," in ji Dada. "Na naɗe ƙafafuna sama kamar mai awon ciki, cinyoyina na rawa, na ce maraya ne, bari in rufa mishi asiri. Saura taku goma ya isa, sai ya ce shi kwana zai sha. Da na ga birkinsa ba ya ci, na taka mishi nawa."

Awaki na gefe suna ta taunar wake. Sai Alhaji Mani ya durƙusa ya ɗebi wake a tafin hannu, ya hura, ya duba.

"Rabin ya gasu," ya ce. "Amma wallahi rabin da bai gasu ba, ban taɓa ganin sussuka mai kyau haka ba. Yaro, kana zuwa Damari? Ina da wata gonar can."

A nan ne wurin ya fashe. Liman ya zauna a ƙasa yana share hawaye da rawani.

Motar ta ƙi tashi, ta kuma tare hanyar masu kawo abinci. Aka roƙi wani baƙo daga cikin mutanen Damari ya kwance shanunsa biyu daga amalanke, aka ɗaura mata igiya a hanci. Suna ja tana kuka a kwalta, Baba Yahuza kuwa na tafe a gefensu, yana shafa tozon wannan, yana buɗe bakin wancan yana duba haƙora, yana tambayar mai su ko suna cin dusa. Gide na biye a baya da katakansa biyu a hammata, yana bayani ga duk wanda ya tsaya.

"Taya ce. Ni tun farko na ce taya ce, ba wanda ya saurare ni."

Jaririn an sa masa sunanka, Yaya. Ina cikin rumfar nan lokacin da Dada ta ɗaga takalminta sama, sai na ji wani abu ya ɓalle a ƙirjina, na yi dariya har na faɗi a kan wake, irin wadda rabona da ita tun ranar da muka dawo daga rakiyarka. Ina cikin yi na miƙa hannu dama in daki kafaɗarka, na daki ta wani baƙo. Ya ce lafiya, na ce lafiya lau. Wannan kam ban gaya wa kowa ba tukuna.